Agogon Gudun Nomau

Ku gyara zama, ga wata nan. Ba ta dawa ba ce, ta cikin gidana ce, kuma ni Tabawa da hannuna nake rubuta ta, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi da kanku, maganar dai a miƙe take.

A Tudun Kanya muke, tafiyar awa guda zuwa Funtuwa in direban mai hankali ne. Mu biyu ne a gidan, ni da autana Nomau. Yayyensa mata uku duk suna ɗakunansu. Malam, Allah ya jiƙansa, shekara huɗu ke nan da rasuwa. Ya bar mana 'yar gona, tumaki biyar, da mota. Motar tsohuwa ce mai kujera jeri uku, ta girmi Nomau, shi kuwa ya ba talatin baya. Ita ke ciyar da mu. Litinin da Alhamis da Asabar takan yi lodin fasinja a tashar garinmu, kuma layin da take bi na Malam ne tun tashar tana gindin bishiya, ba rumfa ba benci.

Mutane suna ce wa Nomau wawa. A bayan idona suke faɗa, don sun san bakina. Abin da na sani shi ne, abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a ƙofa, ko ruwa ake da ƙanƙara a ƙofar za ka tarar da shi. Tuƙi kuwa a hannunsa yake. Shekara goma yana zaune gefen ubansa, bai taɓa take ko ɗan tsako ba. Malam ya san ɗansa, shi ya sa bai cika shi da bayani ba. Jan fenti ya samo ya ɗiga a gilashin agogon gudu, daidai kan sittin, ya ce, "Ka taka har allura ta zo nan. In ta zo sittin, ka sassauta." Da wannan magana guda yaron nan ya shekara huɗu yana kai mutane yana dawo da su lafiya.

Wata rana, ranar Litinin, mota cike da 'yan kasuwa, sai allurar ta kwanta ta ƙi tashi. Nomau ya duba, ba ta zo jan ba, ya taka totur. Ya sake dubawa, tana kwance, ya ƙara takawa. Iya Kande mai daddawa, wadda ke kujerar baya, ita ta ba ni labarin. Ta ce itatuwa suka koma kamar katanga guda, murfin kwanonta ya soma rawa, maza suna salati da ƙarfi fiye da mata.

"Nomau, sassauta," in ji wani.

"Ba ta zo ba tukuna," in ji Nomau.

"Za ka kashe mu, ɗan nan."

"A'a, saura da yawa. Ko goma ba ta kai ba."

Allah ya ba Iya Kande dabara. Ta ɗaga murya ta ce, "Akwai sauka." Wannan kuwa Malam ya koya masa, in fasinja ya ce akwai sauka a tsaya. Ya taka birki a hankali, ya gangara gefen titi, ya tsaya. Mutum goma sha ɗaya suka sauka a tsakiyar daji, har da wanda ya manta takalminsa a ciki. Nomau ya dawo gida da mota fanko yana mamakin yadda duk garin suka yi dangi a wannan dajin.

Da la'asar Sarkin tasha Ɗan'asabe ya yi sallama. Abokin Malam ne, tare suka fara tuƙi. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ƙi shan ruwan da na kawo, na san ba lafiya.

"Tabawa, darajar marigayi ce ta kawo ni da ƙafata. Mutum uku ke jiran layin nan. Litinin ta sama zan shiga motar da kaina. In babu agogon da ke aiki, zan ba wani."

"Sarki, layin da Malam ya share da hannunsa?"

"Rayukan mutane ne, Tabawa."

Ban roƙe shi ba, ban saba ba. Na ce masa Allah ya kai mu Litinin ɗin. Amma da ya fita na daɗe zaune. Abinci ba shi ne kaɗai ba. Nomau bai iya noma ba, bai iya talla ba, a cikin motar nan kaɗai ake ce masa direba, a gaishe shi kamar kowa.

Ilu bakanike ya leƙa ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai. Ya ce wayar agogon ta tsinke, haƙoran da ke juya ta sun cinye, kuma kayan irin wannan mota sai dai a je Kano a yi ta tono, in an samu ma kuɗinsu ya isa sayen taya biyu. Ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake kira jifiyes, ba ta kai tafin hannu ba. Ba ruwanta da taya, ba ruwanta da inji. A ramin wutar sigari ake jona ta, tana jin saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke sama, sai ta rubuta gudun da kake yi da lamba. Ya ce akwai masu tsada akwai masu sauƙi, a je shagon Mamuda a layin masu kayan wuta. Washegari na sayar da tunkiya guda, wadda ta fi cin dusa.

Wata rana na ɗaure kuɗin a ƙyalle na ba Nomau, don ƙafata ta kumbura ba zan iya shiga Funtuwa ba. Na zaunar da shi na koya masa ciniki yadda uwata ta koya mini.

"In ya faɗi kuɗi, ka taya rabi. In ya ce albarka, kada ka tsaya gardama. Ka juya ka kama hanya. Zai kira ka."

"In bai kira ba fa, Inna?"

"Zai kira. Ba a yi ɗan kasuwar da zai ga bayan mai kuɗi ya yi shiru ba."

Kafin azahar sai ga shi ya dawo, fuska duk fara'a, ƙyallen a ɗaure yadda na ba shi.

"Inna, ke fa kin san mutane. Ya ce dubu talatin, na ce sha biyar, ya ce albarka, na juya. Ban yi taku goma ba ya kira ni. Sau uku. Na ukun ma har bakin titi ya biyo ni yana cewa in kawo ashirin da biyu."

"To ina na'urar?"

"Tana shagon."

"Da ya kira ka me ya hana ka komawa?"

Ya dube ni da idanun nan nasa irin na ubansa. "Ai ba ki ce in koma ba. Cewa kika yi zai kira."

Laifin malamar ne, rabin karatu ta bayar. Na zuba masa tuwo.

Wata rana kuma na sake tura shi, na cike masa abin da na rage. Na ƙara da cewa, "Kada ka ba da ko sisi sai ka gwada ta da kanka, ka ga ta kai sittin." Mamuda ya gane shi, ya yi dariya, ya ɗauko wata mai batir a cikinta ya kunna, ya ce ya fita waje da ita ya ɗan taka ya gani. Nomau ya taka, ta rubuta huɗu. Ya ƙara sauri, ta rubuta bakwai. Sai ya naɗe ƙafar wando ya zura da gudu.

Kun san kasuwa. Mutum ya fito daga shago da kaya a hannu yana gudu, ba a tambaya. Kafin ya kai layin 'yan tumatir an yi ihun ɓarawo, mahauta sun fito, masu baro sun yar da baro. Shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, idonsa na kan lamba. Ya zaga ta bayan 'yan hatsi, ya ɓullo ta 'yan katifa, ya dawo shagon da ya fito, rabin kasuwa a bayansa. Mamuda, Allah ya saka masa, ya jawo shi ciki ya tare ƙofa da jikinsa yana rantsuwa shi ya ba shi.

Nomau ya ajiye na'urar a kan tebur yana haki. "Wannan ba ta da kyau. Iya ƙarfina na yi, ba ta wuce sha shida ba."

Ya dawo da takalmi ɗaya, da shatin sanda biyu a gadon baya. Na sa shi ya kwanta rub da ciki a tabarma ina shafa masa man kaɗanya. Bai yi ƙorafin dukan ba ko sau ɗaya. Abin da ya dame shi daban ne.

"Inna, in ba a samu mai kai sittin ba, Sarki zai karɓe layin Baba ko?"

"Ba zai karɓe ba."

"To."

Ya yarda nan take, ya lumshe ido. Ni ce na faɗa, kuma ni ce ban san ta inda za a yi ba.

Wata rana, Alhamis, na ɗaure ƙafata da tsumma na ce mu je tare. Mamuda yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Hajiya, ke ce mahaifiyar mai gudu?"

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka ɗora mini kuɗin Hajiya. Fito da su duka."

Ya jera guda uku. Ta farko babba ce, da zanen hanyoyi a fuskarta, har magana take da muryar mace, ta ce bi dama, bi hagu. Mamuda ya yi ta yabonta. Na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko.

"Tsadar ce, Inna? Zan rage."

"Ko kyauta ka ba ni ba na so. Yaron nan in murya ta ce masa bi dama, ko rijiya ce a daman zai bi."

Ta biyu 'yar ƙarama ce, ita ta fi araha, amma lambarta kamar ƙwayar gero, ga wasu rubuce-rubuce sun kewaye ta. Na ce direban da zai tsaya neman lamba a cikin wannan tarkace ya bar kallon hanya. Ta ukun ba ta iya komai ba sai abu ɗaya. Baƙar fuska, koriyar lamba ƙatuwa, ko daga bakin ƙofa ina ganinta. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ba mai cuta ta a kanta. Na sa ya jona ta a motar maƙwabcinsa, muka zaga gari ni da Nomau a baya, na ga tana hawa tana sauka tare da ƙafar direba. Sannan muka dawo muka zauna ciniki.

Ya ce ashirin da takwas. Na ce kwalin ya yi ƙura, ta kwana biyu ba mai so. Ya ce ƙurar Funtuwa ce, ba ta kaya ba. Na ce sha huɗu. Ya ce ko a inda aka ƙera ta ba a ba shi haka ba. Na ce ya tuna ɗana ya yi masa talla kyauta, yau duk kasuwa ba wanda bai san shagonsa ba. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na miƙe na kama hanya da ɗingishina, ya kira ni, na dawo, ina kallon Nomau don ya ga yadda ake yi. A sha tara muka tsaya, da wayar jonawa, da abin manna ta, kuma ya biya rabin kuɗin takalmin da aka rasa. Da za mu fita ya ce, "Abu ɗaya, direba. Dole ta riƙa ganin sama, in ba haka ba ba za ta yi aiki ba."

Wata rana, washegarin sayen, Nomau ya ce zai fita gwaji shi kaɗai. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba sai da ya kai azahar. Ya shigo jiki a sanyaye.

"Inna, an cuce mu. Sifiri take rubutawa."

"Ko yaushe?"

"Duk sanda na duba. Sau goma sha biyu ina dubawa."

Na fita da ɗingishi. Na leƙa cikin mota ban ga na'ura ba, sai waya da ta fita ta taga ta yi sama. Na ɗaga kai. Ga ta can a kan rufin mota, ya ɗaure ta da igiyar rama tam, fuskarta na kallon gajimare. In ya yi tafiya kaɗan sai ya tsaya, ya fito, ya taka taya ya leƙa. Motar da ke tsaye kuwa me za ta rubuta?

Na ce ya kwance ta. Na kai shi wurin Ilu, ya manna ta a gindin gilashin gaba, ya nuna masa cewa ta cikin gilashi ma tana ganin saman. Muka hau titi, lamba ta soma hawa, ashirin, talatin, arba'in. Da ta kai sittin na ji ƙafarsa ta sassauta da kanta. Can sai Nomau ya ce, "Da Baba ya ga wannan, da ya so ta." Na juya ina kallon gonakin mutane har muka iso gida.

Wata rana, Lahadi, jajiberin gwaji, Sarki ya gamu da Nomau yana wanke mota a bakin rafi. Ya leƙa ya ga na'urar, ya jinjina kai. Sai ya ce, "Ni ganina ba shi ne ba. Mutane sun tsorata da motar nan. Fasinja nake so su gani da idonsu cewa ba ka wuce sittin." Ya wuce abinsa. Nomau bai gaya mini ba.

Litinin da hantsi na ci ado na tafi tasha, don na rantse a motar zan zauna a yi komai a gabana. Mutum shida kaɗai suka yarda suka shiga, yawancinsu tsofaffi irina waɗanda sauran direbobi ba sa jira. Iya Kande tana ciki, ta ce in mutuwa ce ma ta riga ta ga hanyar. Sarki ya zauna a gaba. Na shiga baya, na ɗaga kai. Ashe Nomau ya ciro na'urar daga inda Ilu ya sa ta. Ya manna ta can sama a gilashin gefe, bayan kafaɗarsa, ta ba shi baya, fuskarta na kallon fasinja. Ko ya karya wuya ba zai ga lambar ba.

Sarki ya duba gaban direba wayam. "Ina agogon?"

"Ga shi can, Sarki. Ka ce fasinja su gani."

"Kai kuma da me za ka gani?"

"Ba ka ce ni ba."

Sarki ya juyo ya dube ni. Na ga layin Malam yana fita daga hannunmu a cikin idonsa. Na ce, "Sarki, mota ta yi lodi. A bari ta tashi, in ya so a yanke hukunci a Funtuwa." Ya yi ajiyar zuciya, ya ce a je.

Muka hau kwalta. Lamba ta soma hawa a gabana ƙatuwa, ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Arba'in, Nomau." Ya ce to. "Hamsin." Ya ce to. Wani tsoho mai sayar da igiya ya karɓe, "Hamsin da biyar, direba." Da ta cika, mu uku muka haɗa baki, "Sittin." Ƙafarsa ta sassauta. Idonsa bai bar titi ba ko sau ɗaya, don ba abin da zai kalla a ƙasa.

Kafin mu yi rabin hanya motar ta zama aji. Wanda ya san lamba yana faɗa, wanda bai sani ba yana tambaya. A gangaren gada kowa ya miƙa wuya, aka faɗa masa tun tana hamsin da bakwai. Sarki, da ya ga shi kaɗai ne cikin fasinja ba ya ganin komai, ya so ya gwada mu. Ya ce, "Direba, rana na yi, ɗan ƙara wuta."

Mai igiya ya ce, "Hamsin da tara take, Sarki. Ina za shi?"

Nomau ya ce, "Saura ɗaya, Sarki. In ƙara maka ɗayan?"

Mota ta kwashe da dariya, har Sarkin. Ya ce a bar masa ɗayan, ya yafe.

Da muka isa Funtuwa Sarki bai yanke hukunci ba, ya shiga kasuwa. Da yamma muka zo lodin komawa, sai muka tarar labari ya riga mu. Mata masu goyo, tsofaffi, da wani mai kwandon ƙwai sun tsaya jikin motarmu, ga wata mota sabuwa fil a gaba da mu a layi ba kowa a ciki. Direbanta yana ta kira, wata mai ciki ta ce masa, "Ka yi haƙuri, ni wadda ake ganin gudunta zan shiga." Sai da Nomau da kansa ya roƙe su suka cika ta gaban, don Sarki ya taɓa ce masa ba a tsallake layi.

Sarki yana tsaye yana kallo, hannu a baya. Ya matso kusa da ni.

"Tabawa, ke kika ba shi wannan dabarar?"

Na so in ce ni ce. Na ce, "Kai ka ba shi, Sarki. Shi dai ya yi abin da ka ce."

Ya daɗe yana kallon Nomau yana ɗaure buhunan mutane a bayan mota, yana jan kowace igiya sau biyu. Sannan ya ce, "Layin nasa ne. Ilu ya ƙara masa ƙarama a gabansa, kuɗin daga aljihuna. Amma waccan kada a taɓa ta daga inda take."

Na ce in dai zai saya, ya bari ni in je wurin Mamuda, don shi tsada za a yi masa.

A hanyar komawa Iya Kande ta matso ta raɗa mini cewa ita fa duk ihun da ta yi da safe bin baki take, ba ta san ko lamba ɗaya ba, in nuna mata wacce ce sittin ɗin. Na ce ta jira. Da ta fito na kama yatsanta na nuna mata, ludayi a tsaye da ƙwai a gefensa. Ta ƙura ido ta haddace. Da ta sake fitowa ta riga kowa, da muryar tallan daddawa.

"Ludayi da ƙwai, Nomau."

"Wato nawa, Iya?"

"Sittin, ɗan albarka."

Ya sassauta.

Nan tawa ta tsaya. Wanda bai yarda ba ya zo tashar Tudun Kanya ranar Litinin, amma ya yi sammako, don kujerar baya ita ke fara cika.